Gurbin da Baba Ya Bari a Fuskar Wata

Ƙarshen damina ne, masara ta bushe a kara amma ruwa bai yarda ya tafi ba. Shekarar ta zo mana da nauyi. Tun watan huɗu sama take a rufe, wanki ba ya bushewa a igiya, bangon kicin ya yi kore, kuma da wuya Lahadi ta wuce ba a sanar da rasuwar wani a coci ba. A cikin wannan ruwan ne Baba, mahaifin maigidana, ya dawo daga sujada ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Ranar Laraba da hantsi Ubangiji ya kira shi.

Ni surukarsa ce, matar autansa. Shekara ashirin da biyu muna gida ɗaya da shi a nan Kafanchan, bayan layin reluwe. Ban yi boko ina yarinya ba, a ajin manya na koyi rubutu, don haka wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri da ni. Na ɗauki biro ne saboda na zauna cikin masu makoki na ji abin da suka riƙe game da shi, na ga kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin ma a karkace yake.

Babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, ya iso daga Sabon Tasha washegari. Abu na farko da ya nema shi ne hoton Baba mai kyau da za a sa a takardar jana'iza. Ya buɗe kwamfutar Baba a falo, mutane suka kewaye shi. Ya yi ta dannawa. Hoton farin wata ne. Ya sake dannawa, wata ne, rabi, tsinke, mai ciki, yanki-yanki. Ya kai kusan awa ɗaya yana nema, sai ya cire gilashinsa ya tambaye mu ko Baba bai taɓa juya abin nan ya ɗauki fuskarsa ba ko sau ɗaya. A ƙarshe hoton katin fansho aka ƙara wa girma, shi ya sa waɗanda suka zo jana'iza suka ga Baba ya ɗaure fuska, alhali ba haka yake ba.

Matan zumuntar coci suna yanka albasa a bayan gida, ina jin su. Ɗaya ta ce mutumin kirki ne, sai dai wannan kallon watan da ba a san kansa ba. Wata ta sassauta murya ta ce a unguwarsu an taɓa cewa magana yake yi da shi. Da suka ga na zo ɗaukar tukunya sai suka koma zancen gishiri. Wanda ya faɗi abin da ya kwanta mini a rai shi ne wani tsoho ɗan Ibo, abokin aikinsa tun suna samari, wanda iyayensa suka zo garin nan da reluwe. Ya zauna a kan benci da sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya ce shekara talatin Baba yana ɗakin sigina yana kallon fitila daga nesa don kada jirgi ya hau kan jirgi. Da jirage suka ragu aka sallame su, ido bai san an sallame shi ba, sai ya nemi wata fitilar.

Ɗan wannan tsohon ne ya kawo abin kallon watan. Yana sayar da kayan gwanjo, sai aka haɗo masa da wani farin bututu mai ƙafafu uku, ya zaci na masu awon hanya ne. Baba ya leƙa ciki ya ga madubi a ƙasa, ya ce wannan madubin hangen nesa ne na kallon sama. A gida ba mu taɓa kiransa da wannan dogon sunan ba, bututun Baba muke cewa. Shekara biyu yana kallo da ido kawai. Sannan ya fara ƙorafi cewa abin da ya gani jiya ba ya iya nuna wa kowa yau. Yaya ya aiko masa da tsohuwar kwamfuta ta hannu, abokin nan nasa kuma ya ba shi ƙaramar kyamara irin wadda ake maƙalawa a saman kwamfuta don a yi magana da na nesa ana ganin juna. Baba ya kwance ta da ɗan sukundireba, ya cire gilashin gabanta ya yar. Ya nemo baƙin gwangwanin fim na da, ya yanke gindinsa, ya manna shi a bakin kyamarar da gam, ya naɗe da baƙin salatif. Gwangwanin ya shige ramin da ake sa ido kamar dama don shi aka yi. Ranar ya ci tuwo malmala uku.

Mutane suna zaton danna abu ake yi hoto ya fito. Ba haka ba ne. In ka kalli wata ta cikin bututun, za ka gan shi yana rawa kamar dutsen da ke ƙarƙashin ruwan rafi, saboda iskar da ke tsakaninmu da shi ba ta tsayawa. Don haka Baba bidiyo yake ɗauka, na minti ɗaya ko ƙasa da haka, hotuna ɗaruruwa a jere. Yawancinsu a dagule suke. Sai ya zauna ya sa kwamfuta ta zaɓo masu kyau ta ɗora su a kan juna har su zama ɗaya mai kaifi. Da ya ga ban gane ba, ya ce mini ai aikina ne na kullum, wankin acca ne: a yi ta rairaya, yashi ya zauna a ƙasa, tsaba ta wuce. Daga ranar ban ƙara jin tsoron kwamfutar ba.

Yana da dokoki, kuma gidan duka ya san su. Tun la'asar ake fitar da bututu ya sha iska, don in madubin yana da ɗumin ɗaki hoto ba ya tsayawa. Ba a nufar wata ta saman kwanon kicin. Ranar da sama ta buɗe, dole in gama girki in kashe wuta kafin magariba, don zafin murhu kansa yana sa wata rawa. Yarana sun ci tuwo mai sanyi ba sau ɗaya ba saboda kakansu. Kuma ba ya fita ranar da wata ya cika. Maƙwabta sukan zo a irin wannan ranar su ce Baba, yau ga abinka ya fito da kyau, a nuna mana. Sai ya ba su kujera ya ce yau babu abin gani, fari ne fat kamar faranti. Ya ce su dawo in ya yi rabi, su kalli daidai inda haske ya ƙare duhu ya fara, a nan ne kowane rami da kowane tudu ke fitowa da inuwarsa. Kaɗan ne suka taɓa dawowa. Fasto yana cikinsu. Shi ƙara aka kai masa cewa dattijon coci yana tsafi da wata, ya zo bincike da fuska a murtuke. Ya sa ido, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya tambaya ko zai iya kawo matarsa jibi.

Sau ɗaya muka taɓa ɓatawa da Baba, kuma laifina ne. Ana saura kwana huɗu Kirsimati ina sharar gida, na leƙa cikin bututun na ga ƙura ta kwanta a madubin. Na ce bari in yi wa tsoho abin kirki. Na zura hannu da tsumma da ruwan sabulu na goge shi tas, kamar yadda nake goge tire. Da yamma ya fitar da shi, ya haska tocila ciki. Na ga kafaɗarsa ta sauka. Madubin ashe ba a taɓa shi da tsumma, na bar masa zane-zane kamar na farcen kaza. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya maida murfin ya shiga ɗaki. Kwana uku ina gaishe shi yana amsawa da kai, ina kai abinci yana ci rabi.

A rana ta huɗu ya kira ni. Amarya yake ce mini, har ya rasu, ko da yake babbar 'yata ta shiga jami'a. Na durƙusa ina shirin ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Amarya, tashi. Shekara nawa kina kashe wuta saboda abin nan?"

Na ce uku.

"Kin taɓa leƙawa?"

Na ce a'a, ba a ce in leƙa ba.

"To ni ne na goge madubin da tsumma, ba ke ba."

A yammacin nan na fara gani. Ban san yadda zan rubuta shi ba. Na ɗauka zan ga farin abu mai santsi, sai na ga ƙasa, ƙasa sosai, da duwatsu kamar na Kagoro da ramuka kamar inda aka haƙe doya, babu ciyawa ko ɗaya, kuma duk tana tafiya a hankali tana fita daga idona. Na ce Baba, yana gudu. Ya yi dariya har da tari, ya ce mu ne muke juyawa. Zanen da na yi bai hana madubin aiki ba, ya dai rage masa haske kaɗan, kuma bai sake ambatarsa ba.

Daga nan na zama hannunsa. Yatsunsa sun fara rawa, kuma ɗan maɓallin da ake murɗawa don hoto ya fito sarai ba ya son hannu mai rawa. Ni nake murɗawa, shi yana kallon kwamfuta yana cewa ƙara, ƙara, dawo kaɗan, tsaya. Sunayen ramukan da ke cikin littafinsa sun fi ƙarfin bakina, sai ya raɗa musu sunayen tashoshin jirgi. Akwai manya uku a jere kusa da tsakiyar wata, ya ce su ne Zonkwa, Kagoro da Jagindi. In ya ce mu je Zonkwa, na san inda zan karkata bututun.

Shi ne kuma ya tura ni ajin manya. Yana son a riƙa rubuta ranar da aka ɗauki kowane hoto da kwanakin wata da yadda sama take, ni kuwa ko sunana ban iya ba. Maigidana ya ce wa zai yi girki ran Talata da Alhamis in na tafi. Baba ya ce shi. Wake ya ƙone masa sau biyu, har sai da muka jiƙa tukunyar kwana biyu, amma bai bari na fasa zuwa ko sau ɗaya ba. Da na fara rubuta masa, nakan sa haruffa a baibai. Bai taɓa gyara mini a gaban yara ba. Sai da safe in na buɗe littafin in ga ya rubuta kalmar daidai da fensir, ƙanana, a gefe.

Babban aikinsa shi ne haɗa wata guda daga yanki-yanki. Kyamarar ƙarama ce, ba ta ɗaukar wata duka, sai ɗan yanki kamar tafin hannu. Kowace rana yakan bi bakin inuwa ya ɗauki yankunan da ke wurin, gobe inuwa ta matsa ya ɗauki na gaba, daga baya ya ɗinke su a kwamfuta kamar mai haɗa zane da ƙyalle. Guda biyu ya sa a gaba. Na farko na yamma, lokacin da wata ke girma. Ya gama shi, an buga, yana rataye a falo. Na biyu na asuba, lokacin da wata ke raguwa kuma inuwa ta juya ɗaya gefen. Wannan ya ci mana rani biyu muna tashi kafin zakara. A farkon daminar bana ya zauna ya ɗinke shi, sai ga baƙin gurbi a tsakiya, tsawon yatsa, daidai kan Zonkwa da Kagoro da Jagindi. Mun tsallake wurin ba mu sani ba.

Inuwa ba ta zama a wannan wurin sai in wata ya kwana ashirin da biyu, wani lokaci da washegarinsa. Safiya biyu kenan a kowane wata. Muka jira na watan biyar, hadari. Na shida, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na bakwai da na takwas ko tauraro ɗaya ba mu gani ba. Kowane karo yakan fito da bargo a kafaɗa ya ɗaga kai, ya ce to, ba yau ba, ya koma. Ranar Talata, ana gobe zai rasu, ina ba shi kunu ya tambaye ni kwanan wata nawa. Na ce bakwai. Na ga yana ƙirga da yatsu a kan bargo. Bai ce in yi komai ba. Bai taɓa ɗora wa mutum abin da bai tabbata zai iya ɗauka ba.

An binne shi ranar Asabar ta sati na gaba. A dangin maigidana, kwana uku bayan binnewa ake raba kayan mamaci. Ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a fito da komai daga ɗakinsa, babba a cikin 'yan'uwansa ya miƙa wa kowa abin da hannun mamacin ya taɓa. Abin da aka miƙa maka naka ne, ba a musu, kuma ba ya sake shiga ɗakin. Matan da aka auro ba sa magana a wurin. Mu namu kawo ruwa ne da kwashe kofuna.

Ni na yi nawa lissafin tun ranar binnewa. Ranar rabo wata zai kwana ashirin da ɗaya. Asubar da ke biye ita ce ta gurbin. Na faɗa wa maigidana, ya ce don Allah in bar maganar, kada a ce matar auta tana sa ido a kayan gado. A raina na ce duk wanda aka ba bututun zan roƙe shi aron safiya ɗaya, ai mutum ɗaya ne.

Abin da ban zata ba shi ne samarin da aka sa fito da kaya za su kwance shi don ya wuce ƙofa. Suka ajiye farin bututun kusa da sandunan Baba, ƙafafun kusa da fartanya, kwamfuta a kan Littafi Mai Tsarki da rediyo, kyamara kuma a cikin kwanon da ke ɗauke da maɓallai da tsofaffin batura. A idon duk wanda ke wurin, kaya huɗu ne.

Ƙanin Baba, wanda muke kira Baba Ƙarami, shi ya yi rabon. Manomin citta ne kuma yana sayenta a Kachia. Shi da Baba sun shekara suna tsokanar juna, shi yana cewa wata bai taɓa cika wa kowa buhu ba, Baba yana cewa citta ba ta taɓa sa kowa ya ɗaga kai ba. Ya miƙa wa Yaya kwamfuta, ya ce dama daga hannunsa ta fito. Ya ba Goggo, ƙanwarsu, bututun, don ta ce tana so ta jingina shi a falonta ta riƙa ganinsa. Maigidana ya sami keke da rediyo. Ƙafafun kuwa ya buɗe su ya jijjiga, ya ga ƙarfe ne mai kyau, ya ce waɗannan shi zai riƙe, zai rataya sikelin awon citta. Kwanon tarkacen aka turo gefen mata. Goggo ta tsinci kyamarar da yatsu biyu ta ce matarmu, ke da kike bin sa, riƙe wannan.

Na riƙe. Ina tsaye da tire a hannu ɗaya, kyamara a ɗaya, ina kallo ana ɗaure ƙafafun a bayan a-kori-kurar Baba Ƙarami, wanda ya ce shi a ranar zai koma saboda gona.

Ban taɓa yin magana a gaban manyan gidan nan ba tare da an tambaye ni ba. Na bi Goggo ɗakin baƙi na durƙusa na faɗa mata komai, gurbin, da kwanakin, da ƙirgan da ya yi a kan bargo, na roƙe ta aron bututun na safiya ɗaya. Ta ce ai an raba, kuma abin da aka raba ba ya komawa. Na ce ba ɗaki zan mayar ba, Goggo, tsakar gida ne, kuma kafin a sha kunu kowa zai karɓi nasa. Sai ta ɗaura ɗankwalinta ta ce in biyo ta.

Yaya bai yi gardamar ba da aron kwamfutar ba, ya ce motarsa sai gobe ƙarfe tara. Baba Ƙarami muka samu ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota. Goggo ta yi masa bayani da yarensu, ni ina durƙushe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juyo gare ni da Hausa.

"Amarya, ba rowa nake miki ba. Shekara goma yana ce mini zo ka leƙa, ina ce masa gobe. Ban leƙa ba. Hoton nan ko kin gama shi, ni ba zan gane komai a ciki ba. Amma wannan ƙarfe, kullum na rataya buhu zan kama inda ya kama. In na sauke shi yanzu ya kwana a gidan nan, ban san ko zan iya sake ɗauka ba."

Idonsa ya yi ja. Na ce Allah ya kiyaye hanya, Baba. Motar ta fita da ƙafafun suna leƙowa ta baya.

Da yamma aka yi ruwa mai ƙarfi, irin na sallama. Ina wanke-wanke ina tunani. Bututun ya fi ƙarfin a riƙe shi da hannu, bugun zuciyar mutum kaɗai ya isa ya ɓata hoto. Na gwada shi a kan kujera, ya mirgina. Na gwada a kan taga, ba ya kallon sama. Amma na san abu ɗaya, cewa a wannan kwanan, da asuba, wata yana kusan tsakar ka, ba sai an kwantar da bututun ba. Tsayawa yake bukata ya yi, ya ɗan jingina. Ina cikin haka idona ya sauka a kan babban turmina da ke kife a bakin kicin.

Washegari na tashi kafin ƙararrawar coci. Ruwan jiya ya wanke sama tas, rabin wata yana tsaye a saman bishiyar mangwaro, karo na farko tun watan huɗu. Na je zan mirgino turmin sai na ga maigidana ya riga ni, ya ɗauko shi a kafaɗa, ya ajiye inda na nuna. Na shimfiɗa tsohon zane a ciki, na zaunar da gindin bututun, na cusa tsummoki ta kowane gefe. Muka jawo tebur muka ɗora rabin buhun masara, na jingina wuyan bututun a kai na danna har ya yi masa gurbi. Goggo ta fito da mayafi ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno. Yaya ya riƙe kwamfutar a cinyarsa.

Na sa kyamarar a raminta. Na daɗe ina nema, ina tura buhun kaɗan-kaɗan da gwiwa, allon baƙi ƙirin. Gabas ta fara yin fari. Sai haske ya shigo ta gefe, na murɗa maɓallin a hankali, ga ramukan nan su uku a jere, kowanne rabinsa cike da inuwa. Na ce wa Yaya ya danna jan maɓallin ɗaukar bidiyo. Na ɗauke hannuna, na hana kowa motsi. Bidiyo na farko, zakaran maƙwabta ya yi cara Goggo ta zabura ta taɓa teburin. Na biyu, buhun ya zame. Na uku ya tafi lafiya daga wannan gefen allo zuwa wancan. Kafin in nemi na huɗu sama ta yi shuɗi, watan ya koɗe.

Na zauna a bakin baranda na sa kwamfuta ta rairaye na ukun, na ja yankin na kai shi kan baƙin gurbin kamar yadda na sha gani ana yi. Ya rufe shi, saura ɗan tsinke a ƙasa da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Nawa bai kai nasa kaifi ba. Duk wanda ya matso zai ga inda hannun Baba ya tsaya nawa ya fara. Yaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce zai buga guda huɗu, ɗaya na Kachia. Goggo ta ce a matso mata da shi, ta sa yatsa a kan allon ta tambaya wanne ne Kagoro.

Na goge raɓar da ke jikin bututun ta waje, na rufe bakinsa, na naɗe shi da zane na kai ɗakin Goggo. Na naɗe wayar kwamfuta na sa a jakar Yaya. Kyamarar na sa ta a cikin kwallata. Sannan na kwashe tsummokin daga turmin, na wanke shi, na zuba gyaɗa na fara daka, don baƙi ba za su kama hanya ba su sha kunu ba.